Yadda ake ciro kayan yaƙi daga ƙasan teku, a kuma yi jinyarsu

Ranar 8 ga Agusta, 2000, aka ciro wani ɗan jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Hunley daga teku, kusa da birnin Charleston na Amurka. Tun 1864 yake kwance a wurin, daga daren da ya nutsar da jirgin yaƙin Housatonic a yaƙin basasar ƙasar, shi ma bai komo gida ba. Ɗago shi saman ruwa bai ci yini guda ba. Amma sama da shekara ashirin bayan nan yana jiƙe cikin tanki, ana ta fama da gishirin da ƙarfensa ya sha. Haka sana'ar take. Duk abin da ya daɗe a ruwan gishiri ya saba da inda yake, kuma ranar da ya shaƙi iska ita ce ranar da zai fara mutuwa, sai fa in an yi masa tanadi.

Kafin ka jiƙa ƙafa

Tambayar farko ita ce: na wane ne? A al'adar dokar teku, jirgin yaƙi ko jirgin saman soja yana nan a matsayin mallakar ƙasar da ya ɗauki tutarta, ko ya shekara ɗari a ruwa. Don haka izini biyu ake nema, na ƙasar da ruwan yake hannunta da na ƙasar da ke da jirgin. Akwai kuma yarjejeniyar UNESCO ta 2001 kan kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa, wadda ta fara aiki a 2009, Najeriya kuwa ta amince da ita tun 2005. Abu biyu ne jigonta: barin kaya a inda suke shi ne zaɓi na farko, kuma ba a ciro su don a sayar. Sai dai kariyarta kan abin da ya cika shekara 100 a ruwa ne. Jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya sun shiga ciki, na Biyu kuwa sai daga 2039 za su fara shiga. A wannan giɓin ne ɓarayin ƙarfe ke cin karensu babu babbaka. A 2016 aka je duba jiragen yaƙin Holand da na Ingila da suka nutse a Tekun Java na Indonesiya a 1942, aka tarar wasunsu babu su, sai ramin da suka bari a cikin laka. 'Yan gwangwan na teku sun yanka sun kwashe.

Sannan ka tuna yawancin waɗannan wurare maƙabartu ne. Jirgin Mendi, wanda ya taɓa jigilar sojojin Najeriya zuwa fagen daga a Gabashin Afirka, ya nutse ranar 21 ga Fabrairu, 1917 kusa da tsibirin Wight na Ingila, da mutum sama da 600, akasarinsu baƙaƙen fata 'yan Afirka ta Kudu da aka ɗebo aikin ƙarfi a Faransa. Wani ya sace ƙararrawarsa, sai a 2017 aka ajiye ta a ɓoye don wani ɗan jarida ya ɗauka, aka mayar wa Afirka ta Kudu a 2018. Ta dawo, amma ba wanda zai iya faɗin a wane ɓangare na jirgin aka tsince ta, ko mene ne ke gefenta. Wannan ilimin ya tafi ke nan. Idan ka ci karo da ƙashin mutum, ka dakatar da aiki a wannan gefen, ka sanar da hukuma. Ma'aikatan Hunley su takwas an yi musu jana'iza a 2004, bayan an gama nazarinsu cikin mutunci.

Da izini a hannu, sai bincike a tudu: takardun rundunar ruwa, jerin kayan da aka loda wa jirgin, rahoton waɗanda suka tsira. Kada ka raina masunta. Sun san inda komarsu ke maƙalewa, kuma sau da yawa nan ne gawar jirgin take. Daga nan a bi wurin da na'urar sona, mai zana hoton ƙasan teku da amon sauti, da kuma na'urar da ke jin maganaɗisun ƙarfe ko yana binne cikin yashi.

Jerin kayan lodin nan yana da wani amfani da ya fi tarihi: yana gaya maka ko akwai abin da zai tashi da kai. Bam da nakiya da harsashin igwa ba sa tsufa su zama salihai. Jirgin Richard Montgomery na Amurka yana kwance a bakin kogin Thames na Ingila tun 1944 da kimanin tan 1,400 na abubuwan fashewa, har yau an killace wurin. A Tekun Baltik na arewacin Turai an zubar da makamai masu guba bayan 1945, kuma farar fosfaras da igiyar ruwa ke kawowa gaɓa takan kama da wuta da kanta da zarar ta bushe. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Duk abin da ya yi kama da makami mai ciki, ɗauki hotonsa, rubuta inda yake, ka bar wa sojojin kwance bam. Ko igwar zamanin da ma ana ɗaukarta a matsayin ɗurarriya har sai an tabbatar babu albarushi a cikinta.

Rubuta komai tun yana kwance

Nutson farko na kallo ne kawai, hannu a baya. Ana kafa wuraren awo tabbatattu, a shimfiɗa layukan igiya su raba filin gida-gida, kowane gida da lambarsa. A ƙarƙashin ruwa da fensir ake rubutu a kan farar roba. Sai hotuna, kowanne da sandar awo a gefe. Yanzu an fi ɗaukar dubban hotuna masu hawa kan juna, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffar jirgin gaba ɗaya. Haka aka yi wa Thistlegorm, jirgin dakon Ingila da jiragen saman Jamus suka nutsar a Bahar Maliya a Oktoban 1941, mai cike da babura da motocin soja har da kawunan jirgin ƙasa. A ganina, a wurare da yawa nan ya kamata aikin ya tsaya. Idan ana tsoron tsatsa, ana iya ɗaura wa jirgin sandunan tutiya ko na alminiyam, tsatsar ta koma cin su ta ƙyale shi, ko a rufe abin da ya fito fili da buhunan yashi.

Cirowa tana halatta ne idan abin zai salwanta in an bar shi, ko akwai tambayar da ba za a amsa ba sai an kai shi ɗakin bincike. In ka yanke shawarar haka, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a tsoma igiya, tanki yana nan a cike, an san ƙwararren da zai karɓa, an san gidan tarihin da zai ajiye, an kuma ware kuɗin shekaru. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Tono da ɗagawa

Ba a tono da shebur. Mai nutso yana kaɗa yashi da tafin hannu, wani bututu mai zuƙo laka yana kwashe abin da ya tashi, a tace shi a rariya don kada maɓalli ko tsabar kuɗi su wuce. Duk abin da ya fito, a ɗaura masa lamba a jikin ɗan allon roba tun yana ƙasa. Ƙananan kaya a sa su cikin akwatin roba mai murfi tare da yashin wurin, don kada su yi ta karo da juna a hanya. Abu mai laushi kamar takalmi, littafi ko jakar fata, ba a zare shi. A zura faranti a ƙarƙashinsa, a ɗauko shi da lakarsa, a tone shi a hankali a kan tebur.

Manyan kaya da jakar iska ake ɗaga su, kowace lita ta iska tana ɗaukar kimanin kilo ɗaya. Haɗarinta biyu ne. Laka tana riƙe abu kamar danƙo, sai mutum ya yi ta ƙara iska, da ta saki sai kayan su cilla sama. Kuma iska tana kumbura yayin hawa: wadda aka ɗura a zurfin mita 20 za ta ninka sau uku kafin ta kai sama. Don haka a fara sassauta lakar da ke kewaye, a ɗura iska kaɗan-kaɗan, mai nutso kuma kada ya taɓa tsayawa a ƙarƙashin kaya ko ya ɗaure jakar a jikinsa. Ƙarfen da ya yi tsatsa ba a rataye shi ta wuri guda. Hunley a cikin majanyu masu yawa aka goyo shi, kowanne da matashin kumfa, a karkace yadda aka same shi.

Awa ta farko a kan jirgi

Nan ne aka fi yin ɓarna, saboda murna. Kowa na son ya taɓa, ya kankare, ya ɗauki hoto a rana. Kada ka bari ya bushe, ko na minti goma. A tsoma shi nan take cikin ruwan tekun da ya fito, in bai shiga baho ba a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma da leda, a sa a inuwa. Kowane irin ƙarfe da bahonsa, domin tagulla da baƙin ƙarfe a ruwa ɗaya batir ne, ɗaya zai ci ɗaya. Katako da fata da tufafi suna son sanyi da duhu, a firij amma ban da daskarewa. Kuma kada a ɗauki guduma.

Baƙin ƙarfe, inda wahalar take

Ƙarfen da ya daɗe a teku ba ya fitowa da kamanninsa. Yakan yi wani ƙanzo mai tauri kamar siminti, haɗin tsatsa da yashi da ɓawon ƙananan halittun ruwa. Wannan ƙanzon rigar kariya ce, kuma yakan haɗiye wasu kayan da ke kusa. Shi ya sa ake fara ɗaukar hoton eksire. Wani lokaci hoton zai nuna bindiga lafiyayya, wani lokaci kuma ya nuna ƙarfen ya narke sarai, sai kogon siffarsa. A irin wannan, ana huda ƙanzon, a wanke cikinsa, a ɗura roba mai daskarewa, a fasa, sai ga siffar abin ta fito har da zanen jikinsa. Wanda ya fasa da guduma a bakin teku ya tashi da baƙar laka kawai.

Abokin gabar shi ne gishiri. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35, kuma sinadarin kuloraid da ke cikinsa yana kutsawa can cikin ƙarfe. Da ya haɗu da iska da danshi sai ya haifar da asid, asid ya ci ƙarfe, cin ya sake sakin kuloraid, haka dai abin ke ta juyawa. Ƙarfen zubi, irin na igwa da harsashinta, ya fi ban tausayi. Samansa yakan koma laushi kamar bakin fensir, kuma a nan duk rubutu da tambarin maƙera suke. An sha ganin harsashin igwa ya yi zafi a hannu bayan an fasa ƙanzonsa, daga baya ya tsage.

Matakin farko a ɗakin aiki shi ne a jiƙa shi a ruwan soda mai ƙarfi, irin wadda masu sabulu ke amfani da ita, giram 20 a kowace lita. A cikin wannan ruwan tsatsa tana tsayawa, gishiri kuma ya fara fita. Sodar nan tana cin fata tana makantarwa, don haka safar hannu da tabarau wajibi ne, kuma soda ake zubawa a ruwa, ba ruwa a soda ba. Sai a cire ƙanzon da ƙananan kurfi da wata 'yar na'ura mai aiki da iska, abin yana jiƙe.

Daga nan sai wankin lantarki. A sa kayan a tanki mai ruwan soda, a kewaye shi da ragar ƙarfe ba tare da sun taɓa juna ba. Baƙar waya, ta alamar ɗebewa, a jikin kayan. Jar waya, ta alamar tarawa, a jikin raga. Idan aka juya su, kayan ne za su narke, don haka a duba sau biyu. Wutar irin ta batir ce, mai tafiya hanya ɗaya, kuma da kaɗan ake farawa. In ka ga kumfa na tashi kamar tafasar tukunya, wutar ta yi yawa, za ta ɓamɓare wannan saman mai laushi da ake son cetowa. Kumfar iskar haidirojin ce, mai kamawa da wuta, don haka a buɗe tagogi, ban da sigari. Kowane mako a ɗebi ruwan a auna kuloraid. Adadin zai yi ta hawa, in ya tsaya a zubar a sa sabo. Haka za a yi ta yi har ya sauka ƙasa da miligiram 50 a lita ya zauna a nan. Ƙaramin abu watanni, igwa shekaru. Hasumiyar igwogin jirgin yaƙin Amurka Monitor, wanda ya nutse a ƙarshen 1862 aka ciro ta a 2002, ta share shekaru a tanki mai cin galan 90,000 a jihar Virginia.

Bayan gishiri ya fita, a ɗauraye sodar da tataccen ruwa mai zafi sau da yawa, a busar, a shafa asid ɗin tanin. Dangin sinadarin nan ne da ke cikin bagaruwar majema, kuma kamar yadda bagaruwa ke baƙanta in ta haɗu da ƙarfe, haka yake mayar da saman baƙi mai jure tsatsa. A ƙarshe a rufe da kaki na musamman.

Sauran kayan

Tagulla da jan ƙarfe sun fi haƙuri, amma suna da tasu cutar: wani koren gari mai tsirowa kamar ƙuraje. Ana jiƙa su a ruwan wani sinadari ɗan'uwan kanwa, giram 50 a lita, ana canzawa har gishiri ya ƙare, sannan a tsoma su a maganin da ake kira BTA, a shafa siririn fenti marar launi. Kanwar kasuwa kam kada a gwada, ita kanta tana ɗauke da gishirin da ake gudu. Dalma ba ta da rigima, illa dai tururin wasu katakai yana cin ta, don haka ba a ajiye ta a akwatin katako.

Alminiyam ne tarkon masu aikin Yaƙin Duniya na Biyu, domin da shi aka ƙera jiragen sama. Sodar da ke ceton baƙin ƙarfe narkar da shi take yi. Lokacin da aka ciro jirgin saman yaƙin Jamus ƙirar Dornier 17 daga yashin Goodwin a gaɓar Ingila a Yunin 2013, bayan ya kwanta tun 1940, a rumfunan leda aka ajiye shi a gidan tarihin sojojin sama da ke Cosford ana fesa masa ruwa mai asid ɗin lemon tsami.

Tangaran da kwalba da ƙashi jiƙo kawai suke so, amma a bi da sannu: rabi ruwan teku rabi ruwan famfo, sai famfo zalla, sai tataccen ruwa, ana aunawa har gishirin ya daina fita. In aka busar da su da gishiri a ciki, zai yi ƙwaya ya ɓalle musu fuska.

Katako yaudara gare shi. Za ka gan shi cif-cif kamar jiya aka sassaƙa, alhali ƙwayoyin cuta sun cinye cikinsa, ruwa ne kawai ke riƙe da siffar. Da ya bushe sai ya motse ya tsattsage, kuma ba ya komawa. Maganin shi ne a maye gurbin ruwan da wani abu mai kama da kaki da ke narkewa a ruwa, PEG. Ana farawa da tsinkakke mai shiga can ciki, a bi da mai kauri, ana ƙara ƙarfinsa a hankali. Ƙananan kaya daga nan sai a daskarar da su, a zuƙe ƙanƙarar a injin da babu iska a cikinsa. Fata ma haka ake mata. Manya kuwa sai feshi. Mary Rose, jirgin yaƙin Sarki Henry na Takwas na Ingila da ya nutse a 1545 aka ciro a 1982, an fesa masa PEG daga 1994 zuwa 2013. Vasa na Suwidin, wanda ya kife a 1628 a tafiyarsa ta farko aka ɗago shi a 1961, ya sha feshin shekara 17.

Mafi ciwon kai shi ne abin da ya haɗa jinsi biyu, kamar bindiga mai gindin katako. Soda tana lalata katako, PEG yana sa ƙarfe tsatsa. In za su rabu lafiya, a raba su a yi wa kowanne nasa. In ba za su rabu ba, sai a ƙara maganin hana tsatsa a cikin PEG, a kuma yarda cewa ɗaya zai ɗan cutu.

Ajiya

Ƙarfe yana son bushewa, ƙasa da kashi 15 cikin ɗari na danshin iska in da hali. Ana samun haka da akwatin roba mai rufuwa ruf da ƙwayoyin silika, irin waɗanda ake gani a ƙunshe cikin kwalin sabon takalmi, da ɗan kati mai nuna danshi. Katako da fata kuma tsaka-tsaki suke so, wajen kashi 50 zuwa 55, ba hawa ba sauka. A ƙasa mai damina da hunturu wannan shi ne babban aiki, don abin da ya kumbura a Agusta zai tsage a Janairu. Lambar kowane abu ta bi shi, tare da takardar duk abin da aka yi masa da sunan kowane sinadari.

Kuma a riƙa leƙawa. A 2000, shekaru bayan an ɗauka an gama da Vasa, sai ga wasu tabo fari-fari da rawaya a jikin katakonsa. Farar wutar da ya sha a ƙazamin ruwan tashar Stockholm ce ta haɗu da ƙarfen ƙusoshi da danshi tana komawa asid. Dole aka gyara na'urorin daidaita iskar gidan, aka zare dubban ƙusoshi aka sa na ƙarfen da ba ya tsatsa. A ƙaramin ma'aji alamun da za ka nema su ne ɗigon ruwa mai launin ruwan goro a jikin baƙin ƙarfe, koren gari a kan tagulla, ko farin gishiri a fuskar tangaran. Ka ga ɗaya daga ciki, ka ware abin daga 'yan'uwansa, ka ɗauki hoto, ka mayar da shi tanki.